Tekun da ba mu gani a Zariya, amma muke ci daga cikinsa

Duk wanda ya ratsa layin masu kifi a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada da hantsi zai tarar da kwalayen kifin ƙanƙara a jibge, ana ɓamɓaro taitas da shawa da kote ɗaya bayan ɗaya, ana yanka wa mai saye gwargwadon ƙarfin aljihunsa. Da yamma kifin nan ne ake soyawa a bakin titi daga Kwangila har Samaru, shi ne kuma ke shiga miyar gidajen da nama ya fi ƙarfinsu. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kifaye da ya san ruwan Galma ko na Kubanni. Taitas ɗin da aka fi yabo saboda maiƙonsa kifin arewacin Tekun Atlantika ne, ana kama shi a ruwayen Norwe da Birtaniya da Aisilan da Tsibiran Faro, a daskarar da shi, a yi doguwar tafiya da shi a jirgin ruwa zuwa Legas, sannan manyan motoci masu sanyi su hauro da shi Arewa. Alƙaluman da jami'an gwamnati ke yawan ambata sun nuna cewa Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa a gida, daga teku da koguna da tafkuna da wuraren kiwo gaba ɗaya, yana wajen tan miliyan 1.2 ne. Abin da ake iya cikewa na wannan giɓi, daga tekunan wasu ƙasashe ake sayo shi.

Na sha jin ana cewa, "Malam, mu da hamada ke korowa, ina ruwanmu da teku?" Mai wannan tambaya yana da uzuri, domin fari da zaizayar ƙasa da ambaliya su ne a ƙofar gidansa. Duk da haka ra'ayina shi ne, a cikin dukkan ɓarnar da ɗumamar duniya ke yi, wadda ake yi wa teku ce ta fi wuyar gyaruwa, kuma mu mazauna ƙasashen zafi ne za mu fi kowa asara a cikinta, har da waɗanda ke zaune ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. Ƙasar da ke ciyar da talakanta da kifin teku, sannan take tsara makomar abincinta kamar kifin zai ci gaba da zuwa yadda aka saba, zato kawai ta dogara da shi.

Asalin lamarin zafi ne. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin samaniya tana wajen kashi 280 ne cikin miliyan. Yau ta haura 420, sakamakon ƙona kwal da fetur da gas da kuma sare dazuzzuka. Wannan iska tana tare zafin da ya kamata ya fice daga duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na rarar zafin teku ne ya shanye, kamar yadda rahotannin IPCC, wato kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka bayyana. Da ba don haka ba, da zafin da muke kuka da shi a watan Afrilu ya daɗe da wuce abin da ɗan Adam zai iya rayuwa a cikinsa. Teku ya sassauta mana, halittun cikinsa kuma su ne ke ɗaukar nauyin. Mafi yawan kifaye ba sa iya daidaita ɗumin jikinsu yadda mutum ko tunkiya ke yi. Zafin ruwan da kifi yake ciki shi ne zafin jikinsa, shi ke ƙayyade yawan abincin da yake buƙata, da lokacin da zai yi ƙwai, da ko 'ya'yansa za su rayu. Idan ruwa ya yi masa ɗumi fiye da kima, sai dai ya nutsa ƙasa ko ya yi ƙaura zuwa inda ya fi sanyi. Masu bin diddigin wannan ƙaura sun gano cewa halittun teku na matsawa zuwa ɓangarorin duniya masu sanyi da kimanin kilomita 50 zuwa 70 a kowace shekara 10, saurin da ya zarce na dabbobi da tsirran tudu nesa ba kusa ba.

Labarin taitas ɗin kansa ya isa misali. Kafin 2006, da ƙyar masuntan Aisilan ke ganinsa a ruwansu. Cikin 'yan shekaru, yayin da ruwan ya ɗumama, garken kifin kuma ya yawaita yana neman abinci, sai ya bazu arewa da yamma har ya cika ruwan Aisilan ya kai gaɓar Girinlan. Kafin 2010 Aisilan na kama fiye da tan 100,000 a shekara na kifin da a da ba ya cikin lissafinta. Daga nan rigima ta tashi tsakaninta da Tsibiran Faro a gefe ɗaya, da Norwe da Tarayyar Turai a ɗaya gefen, domin an ƙulla yarjejeniyar rabon kifin ne bisa inda yake zaune a da. Kowace ƙasa ta riƙa yanka wa kanta kaso, kuma shekara da shekaru jimillar abin da ake kamawa tana zarce abin da masana suka ce garken zai iya jurewa. Ƙasashe ne masu arziki, masu jiragen bincike da dokoki da kotuna, amma ƙaurar kifi guda ɗaya ta gagare su sasantawa fiye da shekara 10. Ranar da garken ya ragu har dole ta sa aka rage kamu, su za su fara ci, ragowar su sayar wa wanda ya fi biya, mu da muke ƙarshen layi kuwa sai mu ga kwalin taitas ya fi ƙarfin mai sayarwa a Sabon Gari, balle mai saye.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓangaren duniyar da muke. Idan kifi ya bar ruwan Faransa ya koma na Norwe, wani kifin daga kudu zai hauro ya maye gurbinsa a Faransa. Amma idan ya bar ruwan da ke tsakiyar duniya, inda Mashigin Gini, wato tekun da ke gaɓar Najeriya, yake, babu wani teku mafi zafi da wani kifin zai taso daga can ya cike gurbin. Masu bincike a wata babbar jami'a da ke Bankuba ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin William Cheung, sun yi hasashe tun 2010 cewa zuwa tsakiyar wannan ƙarni abin da ake iya kamawa a tekunan ƙasashen zafi zai iya raguwa da abin da ya kai kashi 40 cikin 100, alhali a tekunan can arewa mai sanyi zai ƙaru da kashi 30 zuwa 70. Rahoton musamman da IPCC ta fitar a kan teku a 2019 ya nuna alkibla iri ɗaya. Wannan rashin adalci ne a fili: ƙasashen da suka fi ƙona man da ya ɗumama teku su ne kifi ke ƙaura zuwa wurinsu, nahiyar Afirka kuwa, wadda hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba, ita ce ake ƙaurace wa.

An riga an fara ganin alamun a gaɓar Afirka ta Yamma. Akwai wani ƙaramin kifi dangin sadin, wanda mutanen Senegal ke kira yaboi, shi ne naman talaka a Dakar, kuma ana safararsa busasshe ko ƙyafaffe har Mali da Burkina Faso. Jiragen bincike da ke bin sawunsa sun ga garkensa yana ta matsawa arewa, daga ruwan Senegal zuwa na Muritaniya da Maroko. A Ghana da Kwaddibuwa kuma, rayuwar irin wannan kifi ta rataya ne a kan ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku tsakanin Yuli da Satumba, ɗauke da sinadaran da ke ciyar da ƙananan tsirran da ido ba ya gani, waɗanda su ne tushen abincin kusan duk mai rai a teku. Kamun masuntan Ghana ya faɗi ƙwarai, har gwamnatinsu ta rufe kamun kifi na wata guda ga masu kwalekwale a 2019 don kifin ya samu sararin hayayyafa. Gaskiya ne cewa yawan kamu, da manyan jiragen waje, da masana'antun niƙa kifi irin na Nuwadibu a Muritaniya su ne kan gaba a laifin, sai dai garken da aka riga aka raunana shi ne ɗumamar ruwa ke saurin kayarwa. Wasu daga cikin kwalekwalen da a da ake fita kamun kifi da su daga gaɓar Senegal, yanzu matasa suke ɗauka zuwa Tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya don neman shiga Turai, kuma da yawansu ba sa isa.

Bayan zafi akwai matsalar numfashi. Kifi ma iskar oksijin yake shaƙa, wadda ta narke a ruwa, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe ta kamar yadda mai sanyi ke yi. Ƙari a kan haka, ruwan sama-sama idan ya ɗumama yakan yi sauƙi ya kwanta a kan na ƙasa ya ƙi gauraya da shi, sai iskar da ke sama ta kasa sauka, abincin tsirrai da ke ƙasa kuma ya kasa hawowa. Tun daga 1960 teku ya rasa kimanin kashi 2 cikin 100 na oksijin ɗinsa. Adadin ƙarami ne a ji, amma asarar ba ta bazu daidai ba. A wasu sassan tekunan zafi, har da gabashin Atlantika daura da gaɓar Afirka ta Yamma, akwai faffaɗan yankuna a tsakiyar zurfin ruwa inda iskar ta yi ƙaranci, kuma suna ƙara faɗi. Manyan kifaye masu gudu irin su tuna, waɗanda ke buƙatar iska da yawa, sai su matsu su taru a siririn ruwan da ke sama, inda ƙugiya da taru suka fi saurin samunsu. Masunci zai iya ganin kamu ya yi kyau na ɗan lokaci ya ɗauka kifi ne ya ƙaru, alhali matsuwa ce ta tara masa shi wuri guda.

Murjani shi ne ya fi nuna abin da ake nufi da illa mai dogon zango. Ƙananan dabbobi ne masu gina tsaunuka na alli a ƙarƙashin ruwa, kuma duk da cewa wuraren da suka mamaye ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a jikinsu suke samun mafaka da abinci. Kowane murjani yana ɗauke da ƙananan tsirrai a cikin jikinsa waɗanda ke ciyar da shi, su ne kuma ke ba shi launi. Idan ruwa ya zarce zafin da ya saba da digiri ɗaya kawai na tsawon makonni, sai ya amayar da su ya koma fari fat, idan kuma zafin ya daɗe ya mutu da yunwa. Murjani mafi saurin girma yana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya farfaɗo, amma babban tsaunin murjani na Ostareliya ya yi irin wannan farin a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da kuma 2024, wato bugu na zuwa kafin raunin baya ya warke. IPCC ta faɗa tun 2018 cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjani, idan ta kai digiri 2 kuwa fiye da kashi 99, kuma shekarar 2024 ita ce ta farko da matsakaicin zafinta ya haura digiri 1.5 a kan na kafin masana'antu. Gaɓarmu ba ta da murjani mai yawa, amma masuntan Kenya da Tanzaniya da Mozambik da na Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke ƙetarewa kafin su sauka Jidda, da shi suke rayuwa. Sauran halittun ma ba su tsira ba: a tekun Bering na Alaska kaguwa kimanin biliyan 10 suka ɓace tsakanin 2018 da 2021 bayan ruwan ya yi ɗumi, har aka soke kakar kamunsu a 2022.

Sai kuma tsami. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ake fitarwa kowace shekara teku ke shanyewa, kuma idan ta narke a ruwa takan zama asid mai rauni. A ma'aunin tsami da ake kira pH, ruwan saman teku ya sauko daga kimanin 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu, kuma saboda yadda aka tsara ma'aunin, wannan 'yar saukar tana nufin tsami ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Mai wanka a teku ba zai ji komai a fatarsa ba. Illar tana kan halittun da ke gina ɓawo ko ƙwarangwal da sinadarin alli, irin su kawa da katantanwar teku da murjani da wasu ƙananan halittu masu yawo a ruwa waɗanda kifaye ke ci, domin tsamin yana rage kayan ginin da suke tsinta a cikin ruwan. A wajajen 2007 da 2008, masu ƙyanƙyasar kawa a jihar Oregon ta Amurka sun ga jariran kawarsu na mutuwa da yawa, aka bincika aka gano ruwan da suke jawowa daga teku ne ya yi tsamin da jariran ba sa iya yin ɓawo a cikinsa.

Mu 'yan Arewa muna da shaidar wannan sinadari a ƙarƙashin ƙafafunmu. Fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take a yau ya malale ƙasar Sakkwato, kuma masana duwatsu sun tono ɓawon halittun ruwa da haƙoran kifaye da ƙasusuwan kadoji da kunkurun ruwa a yankunan Wurno da Dange da Goronyo. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, tarin ragowar irin waɗannan halittu ne. Kabon ɗin da suka zare daga ruwa suka kulle a cikin dutse a tsawon zamanin da ya fi ƙarfin ƙidayarmu, murhun siminti yana sakinsa cikin sa'o'i, kuma yin siminti shi kaɗai ke fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Ban kawo wannan don zargin masu siminti ba, domin muna buƙatar gidaje da makarantu da asibitoci, kuma kasonmu a ɓarnar ƙanƙane ne. Na kawo shi ne don a ga tazarar da ke tsakanin saurin ɓatawa da jinkirin gyarawa. Hanyar da teku ke bi ya kashe tsaminsa ita ce narkewar allin da ke kwance a ƙasansa da kuma sinadaran da ruwan sama ke wankowa daga duwatsu, kuma wannan aiki ne na dubban shekaru, har dubun-dubata.

Haka zafin ma yake. Duk wadda ta taɓa girkin biki ta san cewa ƙatuwar tukunya takan daɗe ba ta tafasa ba, kuma ko an janye itacen takan daɗe ba ta huce ba. Zurfin teku a matsakaici ya haura kilomita 3.5, kuma ruwan da ya nutse can ƙasa yakan yi ɗaruruwan shekaru kafin ya sake fitowa sama. Shi ya sa rahoton IPCC na 2021 ya ce ɗumamar teku da tsaminsa na can ƙasa da raguwar iskarsa da hauhawar ruwansa ba za su koma yadda suke ba cikin ɗaruruwa zuwa dubban shekaru. Gonar da ta gaji ana iya farfaɗo da ita da taki da hutu cikin 'yan damuna, dajin da aka sare ana iya dasa shi jikoki su sha inuwa, amma babu wata gwamnati da za ta iya sanyaya Atlantika. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne iyakar da ɓarnar za ta tsaya, kuma bambanci tsakanin digiri 1.5 da 2 da 3 bambanci ne na rayuwa da mutuwa ga halittu masu yawa.

Za a iya ce mini tsadar kifin da ake fama da ita yanzu ba daga ɗumamar teku take ba, kuma na yarda da mafi yawan wannan magana. Janye tallafin fetur da sakin darajar naira a 2023, da tsadar man dizal, da rashin wutar da ke sa masu ɗakunan sanyi kwana da janareta, su ne suka ninka farashin kwali, kuma duk wanda ya jingina komai ga sauyin yanayi yana ba wa masu laifi na kusa mafaka ne. Sai dai naira tana iya farfaɗowa, wuta tana iya gyaruwa, jirgin da ke satar kifi ana iya kama shi gobe. A cikin matsalolin nan duka, ta teku ce kawai ke tafiya a hanya ɗaya ba ta juyowa, kuma tana tafiya ne a hankali yadda ba za ta taɓa zama babban labari a rana guda ba.

Wasu kuma za su ce ai mafita tana gida, mu kiwata tarwada da karfasa mu rabu da kifin waje. Ina goyon bayan wannan sosai, kuma wuraren kiwon kifi da ke ƙaruwa a kewayen Zariya abin farin ciki ne. Amma mai kiwon tarwada ya san cewa fiye da rabin kuɗin da yake kashewa a abinci yake tafiya, kuma abincin da ya fi sa kifi saurin girma yana ɗauke da garin kifin teku. Babbar mai samar da wannan gari a duniya ita ce ƙasar Peru, daga wani ƙaramin kifi da ke guduwa ko ya mutu duk lokacin da ruwan Fasifik ya ɗumama a shekarun da ake kira El Nino. Kamunsa ya durƙushe a 1972, kuma a 2023 Peru ta soke kakar kamunsa ta farko baki ɗaya. Don haka tarwadar da aka kiwata a Shika ma tana da igiyar da ta ɗaure ta da teku. A nan ne nake ganin Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyoyinta na binciken noma da dabbobi suke da aikin da ya kamata a ba su kuɗinsa da gaske: samar da abincin kifi da na kaji daga waken suya da tunkuzar gyaɗa da tsutsar ƙuda da ake kiwatawa, wanda zai yi gogayya da na waje a inganci, ya kuma kai hannun ƙaramin manomi. Daminar da ke shayar da waken suyan ma daga Atlantika iska ke ɗauko ta, kuma masana sun daɗe da danganta farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 da yanayin zafin ruwan tekuna.

Akwai abubuwan da ke hannun Najeriya kai tsaye, waɗanda ba sai an jira taron ƙasa da ƙasa ba. Gaɓarmu ta kai kimanin kilomita 850, kuma yankin Neja Delta yana da dajin mangurof mafi girma a Afirka, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, inda kifaye da jatan lande ke renon 'ya'yansu kafin su fita teku. Malalar ɗanyen mai da sara don itacen ƙyafe kifi suna cinye shi daga tudu, teku kuma, wanda ya hau da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, yana cinye gaɓar daga ɗaya gefen, kamar yadda mutanen Ayetoro a jihar Ondo suka gani da idonsu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran muhallin yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Har yau muna cikin ƙasashe 10 da suka fi ƙona gas a banza a rijiyoyin mai, alhali mun yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo na 2021 cewa za mu daidaita hayaƙin da muke fitarwa da wanda ake shanyewa kafin 2060, mata kuma a Zariya na girki da itace da gawayi saboda tsadar gas. Dokar kamun kifi a teku da muke aiki da ita ta 1992 ce. Ta hana manyan jirage jan taru a cikin mil 5 na farko daga gaɓa, amma an rubuta ta ne a lokacin da ake ɗaukar cewa kifi yana nan inda yake har abada. Garken da aka bar shi ya yi ƙarfi ya fi jure ɗumama, saboda haka tsare ruwanmu daga masu kamun ganganci shi ne mataki mafi arha da ƙasa irin tamu za ta iya ɗauka.

A 2023 an ƙirƙiro ma'aikata ta musamman don harkokin teku da arzikinsa, kuma na ɗauki hakan ci gaba. Fargabata ita ce kada a riƙa auna nasararta da kuɗin shigar tashoshin jiragen ruwa kawai, a manta da abin da ke raye a cikin ruwan. A nan ne wakilanmu suke da rawar takawa. Jihohin Arewa 19 suna da sanatoci 57 cikin 109, kuma babu dokar kamun kifi ko kasafin binciken teku da zai wuce ba tare da ƙuri'unsu ba. Idan suka ɗauki batun a matsayin na 'yan kudu suka bar shi, mutanen mazaɓunsu ne, waɗanda yaransu ke fama da tamowa fiye da na kowane yanki, za su rasa ɗaya daga cikin hanyoyin samun abinci mai gina jiki mafi arha da suke da su.

Buƙatata ta kusa ƙarama ce, kuma aiki ne da mutanen Samaru suka san darajarsa. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ake rubuta yawan ruwan saman da ya sauka a can, rana bayan rana, kuma da wannan dogon lissafi ne masana suka iya nuna yadda damina ta gajarta a shekarun fari, suka kuma fitar da irin dawa da masara da wake masu saurin nuna. Ruwanmu na teku yana buƙatar irin wannan haƙuri. Cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1975, ya kamata a ba ta kuɗi tabbatattu da ba sa yankewa da sauyin gwamnati, domin ta riƙa auna zafi da iska da tsamin ruwa daura da Legas da Bonny da Kalaba kowane wata, ta riƙa ƙidaya nau'i da girman abin da masunta ke saukewa a bakin ruwa, ta kuma wallafa sakamakon inda kowa zai gani. Asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu yana iya ɗaukar nauyin ɗaliban kimiyyar halittu da na sinadarai daga Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri su je su yi digirinsu na biyu da na uku a cikin wannan aikin, su dawo su koyar da shi a jami'o'inmu.